Tsokar Da Aka Bari Ba Aiki Zubewa Take Yi

Jama'a, kun taɓa lura da dattijo in zai tashi daga tabarma? Sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sannan ya miƙe da ƙyar. Mukan ce tsufa ne. Haka ne, amma ba tsufa kaɗai ba ne. Likitoci sun gano cewa daga wajen shekara 30 tsokar jikin mutum takan fara raguwa kaɗan-kaɗan. In ya haura 60 sai raguwar ta ƙara sauri. Tsokar da ba a sa ta aiki ita ta fi saurin zubewa.

Shi ya sa a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa kowane baligi ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Wannan daban yake da tafiyar ƙafa. Ana nufin ɗaga abu mai nauyi, ko tura shi, ko jan shi, har mutum ya ji hannu da ƙafa da baya sun yi aiki.

To, mutum nawa ke bin wannan shawara? Ba su da yawa. A ƙasar Amurka an tambayi manya kusan 400,000 a shekarar 2015. Cikin kowane mutum 100, wajen 30 ne suke yi sau 2 a mako. Fiye da rabi ba sa yi ko kaɗan. A ƙasashen Turai 28 kuwa, wajen 17 cikin 100 aka samu. Can ma ba ɗaya ba ne. Mutanen arewacin Turai, kamar Siwidin, sun fi yi. A wasu ƙasashen kudu da gabas ko 8 cikin 100 ba su kai ba.

Su wa suka fi yi? Maza sun fi mata. Matasa sun fi tsofaffi. Mai ilimi mai zurfi da mai kuɗi sun fi talaka, mutumin birni kuma ya fi na ƙauye. Dalili ba ɓoyayye ba ne. A can an ɗauka sai an je gidan motsa jiki an biya kuɗi an ɗaga ƙarfe. Wanda ba shi da kuɗi, ko gidan ya yi masa nisa, sai ya haƙura. Wasu matan suna ganin abin na maza ne. Tsoho kuwa tsoro yake ji kada ya ji ciwo. Abin takaicin shi ne, tsohon nan ya fi kowa bukata.

Kada manomi ya karanta wannan ya ce an bar shi a baya. Masu irin wannan ƙidaya sun fi tambayar motsa jikin da mutum ya yi da gangan, ba aikin neman abinci ba. Wanda ya yini yana huɗa da garma ya ƙarfafa tsoka. Haka mai ɗaukar dami, da mai jan guga a rijiya mai zurfi. Matar da ta daka gero ta ɗauko tulu daga rafi ta yi abin da wata ke biyan kuɗi ta yi a birni. Ni mai rubutun nan, da nake yini kan kujera a ofis, ba na kama ƙafarta.

Sai dai akwai inda mu ma muke faɗawa. Aikin gona na damina ne. In an gama kaka, wanda ba ya noman rani ko wata sana'ar ƙarfi yakan yi watanni a gindin bishiya. Makonni kaɗan na zama sun isa ƙarfi ya fara ja baya. Samari suna da kokawa da dambe bayan girbi, amma magidanci ya wuce nan. Ga injin niƙa, ga famfo, ga babur. Duk alheri ne, ba mai son a koma wahalar da, amma sun ɗauke aikin da jiki ya saba.

Babba daga ciki ita ce yadda muke yi da iyayenmu. Da zarar 'ya'ya sun tasa sai a ce, "Baba, ka huta," ko "Inna, ajiye, yara za su yi." Ladabi ne mai kyau. Amma in hutun ya zama zama daga safe har dare, ƙafa takan mutu. Ƙafar da ba ƙarfi ita ke kawo faɗuwa, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar nan ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa motsa jikin da zai ƙara masa ƙarfi da tsayuwa daram aƙalla kwana 3 a mako.

Wannan ba ya cin ko kwabo. Dattijo ya zauna kan kujera ya miƙe, ya sake zama ya miƙe, kamar sau 10. Ya dafa bango da hannu biyu ya tura jikinsa. A bar shi ya ba dabbobi ruwa, ya ɗauki abin da bai fi ƙarfinsa ba. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali, kuma kada a riƙe numfashi wajen ɗaga nauyi. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon baya, ya fara ganin malamin asibiti tukuna.