Shin Maharba Ne Suka Zana Duwatsun Nan?

An daɗe, da zarar masu bincike sun ga hoton dabba a jikin tsohon dutse, sai su ce aikin maharba ne. Wannan fahimta daga Turai ta samo asali. A farkon ƙarni na 20 Henri Breuil, wani malamin coci Bafaranshe, ya yaɗa ra'ayin cewa mutanen dā suna zana dabba ne a matsayin asirin farauta, don ta faɗo hannunsu. Gano kogon Lasko na Faransa a 1940, cike da hotunan dawaki da bijimai, ya ƙara wa ra'ayin ƙarfi.

Maganar tana da madogara. Mafi tsufan sassaƙen Sahara na giwa ne da karkanda da dorina da ɓauna, tun zamanin da hamadar take da tafkuna da ciyawa, kafin kiwo ya kankama. Wanda ya iya fitar da tafiyar giwa a jikin dutse, lallai ya sha bin sawunta.

Sai dai ƙasusuwan da aka tono a Lasko sun nuna wata barewar ƙasar sanyi ce abincin mutanen, alhali da ƙyar ake samun hotonta a bangon. Ashe ba abin da suke ci suke zanawa ba. A Dabus kuma, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa, babban ya haura mita 5. Kowane zane na fatarsu an fitar da shi, kuma daga bakin kowanne wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Babu kibiya, babu rauni. Wannan ya fi kama da girmamawa.

Illar wannan fahimta da ta fi damuna ita ce yadda ake danne makiyaya. A Tasili ta Aljeriya hotunan garkunan shanu sun yi yawa ƙwarai. A Birnin Kudu ta Jigawa ma, zanen da aka bayyana wa duniya a shekarun 1950 yawancinsa shanu ne marasa tozo, kusa da duwatsu masu amo da ake kaɗawa. Wanda ya zo da maharbi a ransa zai wuce tarihin kiwo bai gan shi ba.

Zane da sassaƙe a jikin dutse ba su da sauƙin auna shekaru, shi ya sa hasashe ke samun gindin zama. Hakkin jami'o'inmu ne su tono ƙasan duwatsun Birnin Kudu da na Geji a Bauchi, su bar ƙasusuwa da kayan aikin da ke binne su faɗi ko su wane ne masu zanen.