Yadda Ake Sa Sabar Ta Tashi Da Kanta Bayan An Ɗauke Wuta

Matasa da dama masu koyon haɗa shafin intanet kan ɗora sabarsu a tsohuwar kwamfuta mai Linux. Komai lafiya lau, har sai an ɗauke wuta. Wuta ta dawo, kwamfuta ta kunnu, amma shafin ya ƙi buɗewa, masu ziyara kuwa su kama gabansu.

Galibi matsalar kalma ɗaya ce. Umarnin "sudo systemctl start nginx" yana kunna sabar Nginx ne na wannan lokacin kawai. Wanda ke sa ta tashi duk sanda kwamfuta ta kunnu shi ne "sudo systemctl enable nginx". Ubuntu kan yi hakan da kanta yayin girkawa, amma a Fedora sai mutum ya yi da hannunsa. Don tabbatarwa, sai a rubuta "systemctl is-enabled nginx". Idan ya nuna enabled, aiki ya yi.

Saura kwamfutar kanta. A yawancin kwamfutocin tebur akwai saiti cikin BIOS da ke kunna na'ura da zarar wuta ta dawo. Idan ba a kunna shi ba, shafin zai ci gaba da zama a rufe har sai wani ya danna maɓalli.