Kunne Na Ji, Baki Na Faɗa: Sirrin Tafinta a Bayan Gilashi

A watan Nuwamban 1945, da aka fara shari'ar jagororin 'yan Nazi a birnin Nuremberg na Jamus, harsuna huɗu ake yi a kotun: Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Jamusanci. Tafintoci ƙarƙashin jagorancin Léon Dostert suka zauna bayan gilashi, na'urar sauraro ta kamfanin IBM a kunnuwansu, suna fassara tun mai magana bai rufe baki ba. In ya cika sauri, a kunna masa fitila rawaya. In abu ya kakare, a kunna ja ya dakata.

Fitilun nan shaida ne cewa ƙwaƙwalwa tana da iyaka. A 1974, masana Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana wata ma'ajiyar wucin-gadi a ƙwaƙwalwa, wadda ke riƙe abin da aka ji na 'yan daƙiƙoƙi, tana kuma sarrafa shi. Tafinta yana bin mai magana a baya da daƙiƙa biyu ko uku. A wannan ɗan tsakanin zai saurari sabuwar jimla, ya riƙe wadda ta wuce, ya furta fassara, ya kuma ji kansa don gyara. Masani Daniel Gile ya nuna cewa ayyukan nan duk daga rijiya ɗaya suke ɗiban ƙarfi: in ɗaya ya kwashe da yawa, sauran su ƙafe. Shi ya sa tafintoci ke aiki bibbiyu, suna karɓar juna kusan kowane minti 30.

To, me ya raba gwani da sabon shiga? Gwani ya iya rage wa ma'ajiyar kaya. Jamusanci kan ajiye aikatau a ƙarshen jimla. Sabon shiga zai jira shi har kalmomi su taru su fi ƙarfinsa, gwani kuwa ya hango shi tun daga nesa. Ma'ana yake kamawa, ya saki kalmomin. Lambobi da sunaye, abokin zamansa ya rubuta masa a takarda.

Yau ana fassara huɗubar Arfa zuwa Hausa, miliyoyi na saurare. Wannan nauyi yana buƙatar horo na shekaru da karatun fannin da za a tattauna tun kafin a shiga ɗakin fassara. Jin harshe biyu mafari ne kawai. Yau da gobe ce ke yin tafinta.