Kwalejin Al'umma da Kasafin Kuɗin Jiha: Misali Daga Kalifoniya

A ƙasar Amurka akwai wata irin makaranta da ake kira kwalejin al'umma. Karatunta na shekara 2 ne bayan sakandare, ƙofarta kuma a buɗe take ga saurayi da magidanci, da ma'aikacin da ke son ƙaro ilmi da dare. Wanda ya gama yana iya kama sana'a, kamar aikin jinya ko walda ko gyaran injuna, ko kuwa ya wuce jami'a ya cika shekara 2 da suka rage masa ya sami digiri. Nijeriya ba baƙuwar waɗannan makarantu ba ce, domin tun daga 1977 Gwamnatin Tarayya ta tura ɗalibai masu yawa can, a ƙarƙashin shirin gaggawa na horad da ma'aikatan fasaha.

Ta farko a cikin kwalejojin gwamnati irin waɗannan ita ce ta garin Joliet a Jihar Ilinoyi, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai 6. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita su, har kowa ya sami ɗaya kusa da gida. Jihar da ta fi kowace nisa a wannan tafarki ita ce Kalifoniya, mai kwalejoji 116 a cikin gundumomi 73.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

Hanyoyi uku ne manya: harajin gidaje da filaye na gunduma, da baitulmalin jiha, da kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya. Gwamnatin Tarayya ta Amurka tana taimakawa, amma galibin taimakonta yana bi ta hannun ɗalibai marasa ƙarfi ne.

Da can harajin gidaje shi ne ginshiƙi, kowace gunduma tana yanka abin da take bukata. A watan Yuni na 1978 jama'ar Kalifoniya suka jefa ƙuri'ar amincewa da Ƙuduri na 13, wanda ya ƙayyade wannan haraji a kashi 1 cikin 100 na darajar dukiya. Abin da ake tarawa ya faɗi da fiye da rabi. Masu gidaje sun sami sauƙi, kwalejoji kuwa suka wayi gari rijiyar da suke ɗiba ta ja baya. Tilas suka juya ga gwamnatin jiha a birnin Sakaramento, kuma tun daga ran nan rabonsu ya rataya a kan kasafin kuɗin jiha. A 1984 aka fara karɓar kuɗin makaranta, dala 50 a zango ga mai cikakken karatu, alhali kuwa a da kyauta ne. A 1988 jama'a suka sake jefa ƙuri'a a kan Ƙuduri na 98, wanda ya wajabta wa jiha ware kimanin kashi 40 cikin 100 na babban asusunta domin makarantun firamare da sakandare da kwalejojin al'umma. Kason kwalejoji a ciki yakan kama wajen kashi 11 cikin 100.

Yadda ake gabatad da bukata

Dokar ta tsayad da mafi ƙarancin abin da za a bayar, amma yawan kuɗin yana hawa da sauka tare da tattalin arzikin jiha, kuma yadda za a raba shi abin shawara ne kowace shekara. Saboda haka neman kuɗi aiki ne mai lokaci da tsari.

Kafin ƙarshen shekara hukumar gudanarwar kwalejoji ta jiha takan tattara bukatu ta miƙa wa Gwamna. Gwamna yakan gabatad da daftarin kasafi kafin 10 ga Janairu ya wuce. Daga nan kwamitocin Majalisar Dokoki sukan zauna a bainar jama'a su saurari ba'asi. A watan Mayu, bayan an ga abin da haraji ya kawo, Gwamna yakan gyara daftarinsa. Wajibi ne Majalisa ta zartad da kasafin nan da 15 ga Yuni, sabuwar shekarar kuɗi kuma ta kama a 1 ga Yuli.

Tsakanin Janairu da Yuni, shugabannin kwalejoji da zaɓaɓɓun wakilan gundumomi da ƙungiyoyin malamai da majalisar ɗalibai sukan yi ta zirga-zirga zuwa Sakaramento. Sukan gana da ɗan majalisar mazaɓarsu, su nuna masa alƙaluma: ɗalibai nawa aka ɗauka, nawa suka gama, nawa suka sami aiki, nawa aka mayar gida don rashin gurbi a aji. Sukan tafi da masu masana'antu da shugabannin asibitoci, waɗanda za su shaida cewa suna bukatar waɗannan ma'aikata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗan majalisa ya fi sauraron bukatar da ya ji ta fito daga bakin masu zaɓensa.

Abin da sakaci ko karayar arziki ke jawowa ya bayyana bayan 2008. An zaftare kasafin kwalejoji, aka soke dubban azuzuwa, yawan ɗalibai ya ragu da kusan rabin miliyan cikin 'yan shekaru. Sai da jama'a suka amince da ƙarin haraji a watan Nuwamba na 2012 sannan al'amura suka fara daidaita.

Aikin sassa a cikin kwaleji

Hujjar da ake kaiwa gaban Majalisa daga cikin aji take tasowa. Kowane sashe, na lissafi ne ko na jinya ko na injiniya, yakan yi bitar aikinsa lokaci lokaci a rubuce. Yakan faɗi abin da ya cim ma, da inda ɗalibai ke faɗuwa, da abin da yake bukata na malamai ko kayan aiki. Kwamitin kwaleji yakan jera waɗannan bukatu bisa muhimmancinsu kafin a raba kuɗi. Wata doka ta 1988 ta ba malamai da ɗalibai haƙƙin sa baki a irin wannan shawara. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ta wajabta wa gunduma kashe aƙalla rabin kuɗin gudanad da karatu a kan albashin masu koyarwa a aji.

Sau da yawa ƙaramin yunƙuri na sashe ɗaya yakan zama shirin jiha baki ɗaya. A 1981, a Kwalejin Chabot, wata malamar Turanci da wani jami'in ba ɗalibai shawara suka lura cewa 'ya'yan mutanen da asalinsu daga Meziko yake suna barin karatu da yawa. Suka haɗa darasin rubutu da ba da shawara da kuma jagorancin manyan gari a wuri guda, suka kira shirin Puente, watau gada a harshen Sifaniyanci. Da aka ga amfaninsa, jiha ta sa masa kuɗi, ya bazu zuwa kwalejoji da dama.

Tun 2018 tsarin rabon kuɗi ya ƙara wa aikin sassa nauyi. Kimanin kashi 70 cikin 100 ana ba da shi bisa yawan ɗalibai, kashi 20 bisa yawan marasa ƙarfi a cikinsu, kashi 10 bisa nasarar da suka samu, kamar kammala karatu ko wucewa jami'a. Masu goyon bayan tsarin suna ganin yana sa kwaleji ta kula da ɗalibi har ya gama. Masu suka kuwa suna cewa kwalejin da ɗalibanta suka fi fama da talauci ita ce za ta fi shan wuyar cika sharuɗɗan nasara.

Abin lura ga jama'a

Kwalejojin fasaha da na horad da malamai na jihohin Nijeriya su ma da kasafin jiha suke rayuwa, tare da gudummawar asusun tallafa wa manyan makarantu da aka sake wa tsari a 2011. Iyaye da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a suna da ikon sanin abin da aka ware wa kwalejin yankinsu, su tuntuɓi wakilinsu a Majalisar Dokokin Jiha tun kafin a zartad da kasafi, su kuma bi sawu su ga ko an saki kuɗin. Shugabannin sassa kuwa su riƙa ajiye lissafin aikinsu a tsare, domin da shi za a kare bukatarsu ranar da aka tambaya.