Hasashen Abuja da Taswirar Lungu

Kowace shekara kafin damina ta kankama, hukumar NiMet kan fitar da hasashen yanayi, ita kuma NIHSA ta jero jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Aiki ne na ilimi, kuma ina ganin ƙimarsa. Manomi na amfana da shi, gwamna ma ba shi da bakin cewa ba a gaya masa ba. Sai dai a birni irin Kano, inda unguwanni ke tsirowa dare ɗaya, cewa ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari bai gaya wa magidanci ko ɗakinsa ne ruwa zai ci ba.

A Darussalam ta Tanzaniya an bi wata hanyar. Tun 2015, a shirin Ramani Huria da Bankin Duniya ya tallafa wa, ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka riƙa bin lungu-lungu da wayoyin hannu. Suna auna magudanai da kwalbatoci, suna rubuta inda ya toshe, suna tambayar mazauna iya inda ruwa ya kai. Da haka unguwannin talakawa na kwarin Msimbazi suka hau taswira.

Mu ma muna da wannan sanin, rubuta shi ne ba a yi ba. Mai unguwa zai ja hannunka ya nuna maka shatin ruwan bara a jikin katanga, daidai ƙugu. Zai nuna maka kududdufin da aka cike da shara aka yanka filaye, wanda a da shi ke shanye ruwan unguwar gaba ɗaya. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Maiduguri ta ɗanɗana kuɗarta ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange, Kasuwar Litinin, har fadar Shehu. An taɓa yin irin ta a 1994. Tsakanin nan garin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, amma wa ya ƙirga gidajen da suka ƙaru a bakin kogin Ngadda?

Hasashe na zuwa mana duk shekara. Taswirar ce babu. Jami'o'inmu cike suke da ɗaliban nazarin ƙasa. Gwamnatocin jihohi su haɗa su da masu unguwanni tun da rani, kafin hadarin farko ya haɗu.