Daga gareji zuwa sansanin Agadez: yadda Amurka ke zuba kuɗin gwamnati a ƙananan kamfanonin ƙera kayan yaƙi da na sararin samaniya

Jiragen nan marasa matuƙi samfurin MQ-9 Reaper da suka yi shekaru suna tashi daga sansani na 201 da ke Agadez, kafin sojojin Amurka su tattara nasu ya nasu a watan Agusta na 2024, asalinsu daga garejin wani ɗan ci-rani ne. Abraham Karem, injiniyan da aka haifa a Bagadaza ya girma a Isra'ila, ya koma Amurka a 1977, inda ya fara haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi a gidansa da ke kusa da Los Angeles. Hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta ga abin ya yi mata, ta zuba kuɗi a ƙaramin kamfaninsa mai suna Leading Systems. Kamfanin ya karye a 1990, General Atomics ya saye aikin, daga nan aka samu Predator a 1994, sai ƙanensa Reaper.

Kuɗin Karem daga DARPA suka fito kai tsaye. Amma akwai wata hanya da doka ta shimfiɗa musamman domin irin waɗannan ƙananan kamfanoni, wadda ake kira SBIR, wato shirin tallafa wa binciken ƙirƙira na ƙananan masana'antu. Wani ma'aikacin hukumar kimiyya ta ƙasar, Roland Tibbetts, shi ya fara gwada shi a 1977, shugaba Ronald Reagan kuma ya rattaba hannu a kan dokarsa a watan Yuli na 1982.

Dokar ba ta ware wani sabon asusu ba, yanka ta yi daga abin da ke akwai. Duk ma'aikatar da ke kashe sama da dala miliyon 100 a shekara wajen biyan masu bincike na waje, dole ta cire wani kaso ta ba ƙananan kamfanoni. An fara da kashi 0,2 cikin 100, aka yi ta ƙarawa har ya kai kashi 3,2 tun daga 2017. Ma'aikatu 11 ne abin ya shafa, kuma jimillar kuɗin ta haura dala miliyar 4 a shekara. Ma'aikatar tsaro ce ke da kaso mafi tsoka, hukumar sararin samaniya ta NASA ita ma tana ciki.

Tafiyar mataki uku ce. A na farko, ma'aikatar ta bayyana matsalar da ke damunta, misali batirin da zai jure zafi ko na'urar gano jirgi maras matuƙi, kamfanoni su kawo shawara. Wanda ya yi nasara yana iya samun har kimanin dala dubu 300, sama da miliyon 150 na CFA ke nan, ya nuna cikin wata 6 zuwa shekara guda cewa dabararsa za ta yi aiki. A mataki na biyu kuɗin kan kai kusan dala miliyon 2 domin ƙera samfuri cikin shekara biyu. Mataki na uku ba shi da ko sisi na SBIR: kamfani ya nemi mai saye, ko a kasuwa ko a rundunar soja, sai dai gwamnati na da damar ba shi kwangila ba tare da sake buɗe takara ba.

Abin da ke jan matasan injiniyoyi shi ne kuɗin ba bashi ba ne, kuma gwamnati ba ta karɓar hannun jari a kamfanin. Idan gwajin ya wargaje, ba wanda zai biyo ka da takardar banki. Idan ya yi kyau, fasahar taka ce.

An ga amfanin hakan. Qualcomm, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cikin wayoyin Android masu ɗimbin yawa, ya ci irin wannan tallafi yana ɗan ƙaramin kamfani a San Diego a shekarun 1980. Wani kuma mai suna Made In Space ya samu na NASA, ya ƙera na'urar da ke buga kayan aiki da roba, aka harba ta zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2014. A watan Disamba na wannan shekara aka aika wa 'yan sama jannati zanen sifana daga ƙasa, suka buga ta a can suka riƙe a hannu.

Ma'aikatar tsaro tana da nata dalilin riƙe shirin da hannu biyu. A farkon shekarun 1990 manyan kamfanonin da ke yi mata kwangilar makamai da jirage 51 ne. Sun yi ta haɗiye juna har suka koma 5: Lockheed Martin, Boeing, Raytheon, Northrop Grumman da General Dynamics. Mai saye da 'yan kasuwa biyar kawai ke gabansa ba ya da bakin ciniki, ga jinkiri wajen kawo sabon abu.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Kamfanoni da yawa suna gama mataki na biyu da samfuri mai aiki, amma ba rundunar da ta tanadi kuɗin sayensa, domin kasafin Pentagon kan ɗauki shekaru ana tsara shi. Kafin a waiwaye su, albashin ma'aikata ya cinye abin da ya rage. A can suna kiran wannan rata "kwarin mutuwa". Labarin Karem ma ai kusan haka ya ƙare: shi ya haƙa rijiyar, babban kamfani ya sha ruwan.

Ga kuma waɗanda suka mayar da tallafin kansa sana'a. Wasu kamfanoni sun ƙware wajen rubuta takardar neman kuɗi, suna cin ɗaruruwan tallafi shekara da shekaru, abin da ke fita daga hannunsu zuwa kasuwa ko fagen daga bai taka kara ya karya ba. Masu suka a majalisa na yi masu laƙabi da injinan niƙan SBIR. Su kuma suna cewa aikin da soja ya nema suke yi, kuma ba kowace fasahar yaƙi ce ke da kasuwa a wajen bariki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai wanke su duka ba.

Rundunar sojan sama ta gwada wata dabara a 2018: maimakon ta faɗi abin da take so, sai ta ce kowa ya kawo abin da yake da shi, ya nuna inda zai yi mata amfani. Binciken da Sabrina Howell ta jami'ar New York da abokan aikinta suka fitar a 2021 ya gano cewa waɗanda suka shigo ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofa sun fi samun masu zuba jari da kwangilolin soja daga baya, alhali tsohuwar hanyar ta fi haifar da masu komowa neman wani tallafin.

Ga ɗan Nijar da ke karatun injiniya ko aiki a Amurka, ƙofar a buɗe take amma da sharuɗɗa. Dole kamfanin ya kasance a cikin Amurka, ma'aikatansa kada su wuce 500, kuma fiye da rabinsa mallakar 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ba ya cikin wannan lissafi, kuma dokokin hana fitar da fasahar makamai suna ɗaukarsa baƙo ko da a ɗakin gwajin jami'arsa yake. Aikin da ya shafi sirrin soja kuwa sai ɗan ƙasa. Tun daga 2022 an ƙara tilasta wa ma'aikatu su binciki alaƙar kowane kamfani da ƙasashen waje, musamman Sin.

Shirin ba na dindindin ba ne, majalisa ce ke sabunta shi lokaci zuwa lokaci. A 2025 Sanata Joni Ernst ta jihar Iowa ta nemi a ƙayyade jimillar abin da kamfani ɗaya zai iya ci a dala miliyon 75, Sanata Ed Markey na Massachusetts, jihar da ke da kamfanoni da dama masu yawan cin tallafin, ya ƙi amincewa, yana neman a mayar da dokar ta har abada. Ranar 30 ga Satumba na 2025 wa'adin ya cika ba su daidaita ba, ma'aikatu suka dakatar da ba da sabon tallafi.