Filin Manoma: Mai Gadin Injin Ban Ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kogin Haɗejiya ya saba yi kowace shekara ta ragu, noman rani kuwa ya ƙara dogara ga ban ruwa. A da jigo ne abin aiki, daga baya injin fetur ya shigo. Yanzu kuma famfo mai aiki da lantarki, ko da hasken rana, ya soma shiga fadamu. Irin wannan inji ba ya shan mai, amma in wayar cikinsa ta ƙone a tsakiyar rani, alkama da tumatir ba su jiran mai gyara.

Domin haka a ke sa masa wata 'yar na'ura a akwatin kunnawa, watau mai gadi. Aikinta auna yawan wutar da injin ke ja, ma'aunin kuwa shi a ke kira amfiya. Abu uku ta ke aiki da su: iyaka, da jinkiri, da sakata.

Na fari, iyaka. Kowane inji yana da wani ɗan faranti a jikinsa inda aka rubuta amfiyar da ya kamata ya ja, bisa ga wannan lamba a ke saita mai gadi. In yashi ya cije fankar famfo, ko wuta ta zo da rauni, ko ɗaya daga cikin layuka uku ya yanke, sai injin ya ja fiye da ƙima, ya yi zafi. Akwai kuma masu gadin da ke da iyaka ta ƙasa. In ruwan rijiya ya ja baya, ko kachala ta toshe bakin tiyo, famfo ba ya samun abin turawa, sai amfiya ta sauka. Wannan ma hatsari ne, gama ruwan ne ke sanyaya famfo.

Na biyu, jinkiri. Sa'ad da aka kunna inji, ya kan ja wajen ninki shida na abin da ya saba, na ɗan lokaci kaɗan, kafin ya kama gudu. Injin amfiya 10 ya kan kai wajen 60. Da mai gadi zai yanke wuta nan take, da inji bai taɓa tashi ba. Saboda haka sai ya dakata ya gani. In wutar ta sauka kafin lokacin ya cika, shi ke nan. In ta ci gaba, ya yanke. Wanda aka rubuta wa aji 10, alal misali, ba ya barin irin wannan ja ya wuce daƙiƙa 10. Jinkiri in ya yi kaɗan, inji ya riƙa mutuwa ba dalili. In ya yi yawa, ya ƙone kafin a cece shi.

Na uku, sakata. Da zarar an yanke wuta, amfiya ta koma sifiri, sai a ga kamar lafiya ta samu, alhali yashin yana nan. In ba sakata, inji zai sake tashi da kansa, ya sake cijewa, kowane tashi kuwa ƙarin zafi ne. Watakila ma ya tashi hannun yaro na cikin famfo. To, sakata ita ke riƙe shi a kashe, fitilar gargaɗi na ci, har mutum ya zo ya danna maɓalli. Wasu akwatunan famfon hasken rana su kan jira rijiya ta taru su tashi da kansu, don haka tilas a cire wuta kafin a taɓa famfo.

Abin da ke kashe injuna da yawa shi ne gaggawa. Manomi ya ga rana na yi, shuka na yaushi, sai ya yi ta danna maɓalli, ko ya ƙara iyaka, ko ya sa a tsallake mai gadi da guntun waya. Kada a yi haka. In sakata ta faɗa, a kashe wuta, a duba bakin tiyo da fanka da zurfin ruwa, a bar inji ya huce. In ta sake faɗawa, a kira mai gyaran lantarki. Asarar sa'a guda ta fi asarar amfanin rani duka sauƙi.